An ba kura ajiyar nama: muhawara kan tallan cacar gwamnati a Karolina ta Arewa

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da yamma ina maido da Nana daga makaranta a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, danja ta tsayar da mu daidai wani ƙaton allon talla, irin mai fitilun nan da lambobinsa ke canjawa. An rubuta miliyoyin dalolin da ke jiran wanda zai ci cacar Powerball. Yarinyar da shekararta 9 ta karanta rubutun ƙasa, ta juyo ta ce, "Baba, ai wannan ta makaranta ce. Me ya sa ba ka saya? Ba ka son a gyara mana makaranta?" Wallahi sai da na baya ya danna min oda kafin na farga an ba mu hannu. Kuma yarinyar ba ta yi kuskuren karatu ba, sunan abin ke nan a hukumance, cacar ilimi. Ƙasar da ta hana tallan sigari a rediyo da talabijin tun 1971, ita ce kuma ke tallata cacarta da kanta a bakin titi. Babu wata doka ne a kan wannan?

Malam Mai Allo: Wa alaikumus salam. Baban Nana, maganar ba ta da tsawo. Allah ya haɗa caca da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce ku nisance su. Ko an yi talla ko ba a yi ba, ko an sa mata sunan ilimi ko sunan asibiti, caca sunanta caca. Kowa ya tsare gidansa.

Baban Nana: Allah ya gafarta Malam, ba hukuncin nake tambaya ba, wannan ko Nana ta sani yanzu, don jiya har bayan isha muna kai. Amma titin da muke bi ba a cikin gidana yake ba. Harajina na cikin kuɗin da ake tafiyar da jihar nan, 'yata kuma ita ke karanta allon.

Anti Akanta: Akwai doka, Yaya, kuma in ka karanta ta sai ka ce wani mai wa'azi ne ya rubuta. Dokar da ta kafa cacar a 2005 ta ce kada talla ya auna wani rukuni na jama'a ko masu ƙaramin ƙarfi da gangan. Kada a nuna caca a matsayin hanyar fita daga talauci ko wata damuwa. Ban da zanen 'yan tsana da ke jan hankalin yara. A lokacin ta ce kuɗin talla kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na cinikin shekara. Sannan ga wadda ta fi ba ni dariya: kada babbar manufar talla ta zama jawo mutane su shiga cacar. Ku gaya min don Allah, wane talla ne a duniya manufarsa ba a jawo mai saye ba?

An yi haka ne saboda da ƙyar dokar ta sha. A majalisar dattawan jihar an yi kunnen doki, 24 da 24, sai da mataimakiyar gwamna ta lokacin, Beverly Perdue, ta raba gardama, Gwamna Mike Easley ya sa hannu. Waɗannan sharuɗɗan su ne man da aka shafa wa masu adawa a baki. Aka fara sayar da tikiti a ƙarshen Maris na 2006.

Bakano a Raleigh: To me ya rage? Doka ta ce a yi a hankali, ana yi a hankali. Ni fa ban taɓa ganin wanda aka ɗora wa bindiga aka ce sai ya sayi tikiti ba. Kafin 2006 mutanen jihar nan mota suke cikawa su tsallaka Virginia ko Karolina ta Kudu ko Jojiya su sayo, kuɗinsu ya gina makarantun wasu. Gwamnati ta ce gara ya tsaya a gida. Yanzu sama da dala biliyan 1 ke shiga harkar ilimi duk shekara. In aka shaƙe tallan, ciniki ya faɗi, ina za a cike giɓin? A aljihunmu mu da ba ma yi. Wanda ya ga zai iya, ya je ya biya harajin son rai, ni a bar min nawa.

Na Kan Kanta: Kawu Bakano, da izininka zan sa baki, don ni ne nake miƙa tikitin da hannuna. Shekara uku ke nan ina aikin dare a wani gidan mai. Allon da Baban Nana ya gani shi ne ƙaramin talla. Babban tallan yana gaban hancina. Akwatin gilashi ne a kan kanta, daidai inda mutum zai ajiye hannu ya karɓi canji, cike da katunan kankarewa masu walƙiya, ja da ruwan zinare, daga na dala 1 har na dala 30 da na 50. Ba za ka biya kuɗin mai ko madarar yara ba sai idonka ya sauka a kai.

Akwai wani dattijo, mai aikin gini ne, za ka gane daga simintin da ke takalminsa. Duk Juma'a da daddare in an biya su sai ya zo. Ba ya ma kankare katin gaba ɗaya yanzu, ya daina wasan, lambar ƙasa kawai yake kankarewa da makullin mota ya kai wa na'ura ta gaya masa. In ya ci dala 10, ba ya karɓar kuɗin, sai ya nuna akwatin da leɓe ya ce a ba shi wani. Ranar nan ina lissafe a zuciyata har ya kai dala 140, daga nan ya laluba aljihu ya ce a zuba masa man dala 6. Shida fa. Kwandon sharar da ke bakin ƙofa kullum da asuba ni ke juye shi, rabinsa katunan nan ne.

Ba bindiga, gaskiyarka Kawu. Amma wanda ya tsara inda za a ajiye akwatin nan ya san abin da yake yi.

Bakano a Raleigh: Ɗana, ai haka ake jera alewa da cingam a kan kanta, ba wanda ya kai ƙara.

Na Kan Kanta: Mai alewa ba gwamnati ba ne, Kawu. Kuma ban taɓa ganin wanda ya sha alewar dala 140 a tsaye ba.

Hajiya 'Yar Kumasi: Hahaha, yaron nan Allah ya yi maka albarka. Ina karanta ku daga Bronx, na kasa yin shiru. Ni a Zango na tashi, kuma loto a Gana ta girmi yawancinku, tun 1958 gwamnati ke yin ta. Kowace rana da sunan wasanta. Ba na tuna wani tallan talabijin da ya ja mutane lokacin muna yara. Ɗan kes ne na katako a bakin hanya, da allo baƙi an rubuta lambobi biyar na jiya da alli. Sai ka ga magidanta sun yi cirko-cirko da tsofaffin takardun lambobi, suna lissafi kamar masu shirin jarrabawa, wai wannan lambar in ta fito wancan mako, 'yar'uwarta na biye. Wani mafarki zai yi a fassara masa shi zuwa lamba. Ga kuma na bayan fage, banka-tu-banka, waɗanda ba ruwansu da gwamnati.

Abin da nake so in ce, ko kun sauke duk allunan Amurka, mai yi zai yi. Amma ban yarda da Bakano ba duka. Abin da ya sa maƙwabcinmu, mutum mai sallah a sahun gaba, yake iya tsayawa a kes ɗin nan da rana tsaka, cewa yake ai ta gwamnati ce, kuɗin raya ƙasa ake yi da shi. Sunan gwamnati shi ne sabulun da yake wanke abin. A nan New York ma takensu da ya daɗe yana yawo cewa yake dala ɗaya da mafarki kawai kake buƙata.

Anti Akanta: Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo inda nake so. Bari in yi muku lissafin Gana tukuna. Lambobi 90 ne, a zaro 5. In ka zaɓi biyu ka ce duka za su fito, damarka ɗaya ce cikin 400 da ɗoriya. In ka ci kuma ninki 240 ake biyanka. Tsakanin 400 da 240 nan ribar take, kuma ba mafarkin da ke rufe wannan ramin.

Mu dawo nan. Dokarmu ta ce dole talla ya faɗi damar ci, amma damar ci ta jimla, ba ta babbar kyauta ba. A Powerball damar jimla ɗaya ce cikin kusan 25. Ka ji kamar abin kirki. Amma yawancin wannan "ci" dala 4 ce a kan tikitin dala 2. Miliyoyin da ke kan allon, waɗanda suka sa Nana ta ɗaga kai, damarsu ɗaya ce cikin miliyan 292. Ku haɗa mutanen Najeriya da Nijar da Gana kaf, jariri da tsoho, a rubuta sunan kowa a 'yar takarda, a zuba a rumbu ɗaya, a ce makaho ya zaro guda. Kusan haka ne. A katin kankarewa kuma, in ka sayi na dala 5 aka maido maka da dala 5, a lissafinsu ka ci.

Ko lambar da ke kan allon ba ita ake miƙa wa mutum ba. Wanda ya ci dala biliyan 2.04 a Kalifoniya a Nuwamban 2022 ya zaɓi a ba shi a dunƙule, abin ya koma miliyan 997 da 'yan kai, kafin a cire haraji. Cikakkiyar lambar sai in ka yarda a biya ka sau 30 cikin shekara 29. Da kamfani mai zaman kansa ne ke irin wannan, hukumar tarayya mai kula da gaskiyar talla, FTC, tana iya taka masa birki. Cacar jihohi ba ta ƙarƙashinta. Jiha ce mai kaya, jiha ce mai talla, jiha ce alƙali.

Baban Nana: An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ɗan Yamai: Salamu alaikum mutanen Amurka. Ku yi haƙuri, duk sa'ad da kunka ce dala 140 sai gabana ya faɗi, kana in tuna dalarku ba irin tamu ba ce. Mu nan dala 140 jikka guda ba ta kai ba! Mu ma muna da tamu ta gwamnati, LONANI. Abin da ya fi ban mamaki, dawakin da ake caca a kansu a Faransa suke gudu. Mutum bai taɓa hita Yamai ba, amma ya san sunan doki da mahayinsa a Paris, ya san wanda ke son ƙasa mai laka. Takardar shirin tseren ita ce tallan, da safe za ka ga an duƙa a kanta da biro. Ni dai ina bayan Hajiya, ba allo ba ne matsalar, hatimin gwamnati ne.

Bakano a Raleigh: To kun ga, ku da kanku kuna rushe maganarku. In hatimin gwamnati ne matsalar, ku fito ku ce a rufe cacar baki ɗaya, kamar Utah da Hawaii da Alabama da Alaska da Nevada da ba su da ita. Wannan magana ce mai kai da ƙafa, ko da ban goyi baya ba. Amma a ce gwamnati ta buɗe shago sannan a ɗaure mata baki kada ta yi kiran ciniki, wannan munafunci ne. Ko a yi ko a bari.

Anti Akanta: Yaya Bakano, ba munafunci ba ne, haka ake yi da duk abin da aka halatta don ba yadda za a yi da shi. Barasa mai ƙarfi a jihar nan a shagunan hukuma kawai ake sayar da ita. Ka taɓa ganin allo a bakin titi jiha na cewa sha ka taimaki makarantu? Akwai bambanci tsakanin a buɗe ƙofa ga wanda ya zo da ƙafarsa da a bi mutum har gida da ganga.

Kuma tarihin jihar nan ma ya nuna ana iya ɗaure bakin. Kafin mu sami tamu cacar, akwai wani gidan rediyo mai lasisin Karolina ta Arewa a kusa da iyaka, sama da kashi 90 na masu sauraronsa a Virginia suke. Ya so ya sa tallan cacar Virginia, dokar tarayya ta hana, don jihar da ta ba shi lasisi ba ta da caca. Har Kotun Ƙoli aka je, a 1993 ta ce hanin ya yi daidai. Jihar da aka je har can don kada mutanenta su ji tallan, yau ita ke biyan kuɗin tallan.

Batun biliyan ɗaya kuma gaskiya ne, ban musa ba. Amma dokar 2005 cewa ta yi kashi 35 cikin 100 na ciniki ya tafi ilimi. A 2007 aka sassauta, ya zama shawara ba dole ba. Zuwa 2024 abin ya sauko wajen kashi 20. Dalili shi ne an ƙara yawan abin da ake mayarwa kyauta don mutane su riƙa juya kuɗin, kamar dattijon da ƙanenmu ya ba da labari. Wato don makaranta ta sami dala ɗaya, sai an yi cinikin dala biyar. Biliyan ɗin kuma bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da jihar ke kashewa kan ilimi ba.

Bakano a Raleigh: Amma dalolin sun ƙaru ko ba su ƙaru ba?

Anti Akanta: Sun ƙaru. Daga aljihun wa, shi ne tambayar. Malamai biyu na Jami'ar Duke da ke nan Durham, Charles Clotfelter da Philip Cook, sun yi wa hukumar tarayya bincike a 1999. Suka gano kashi 5 cikin 100 na masu wasa su ke kawo fiye da rabin cinikin. Ba mai sayen tikiti ɗaya ran da kyauta ta kai biliyan ba ne ke riƙe da shagon. Mai takalmin siminti ne.

Mai Shiru: Ban taɓa magana a zauren nan ba. Ni na yi, kusan shekara biyu. Ba allo ne ya ja ni ba, ba kuma kanta ba, don kunya ba za ta bar ni in tsaya a gaban ɗan'uwa irin Na Kan Kanta in ce a ba ni ba. Waya ce. Tun da hukumar cacar ta sa wasannin nan na nan-take a manhajarta a ƙarshen 2023, ba mai ganinka. Kana kwance iyali na barci. In ka kwana biyu ba ka shiga ba sai saƙo ya shigo, ga garaɓasa, ga sabon wasa. Kuɗin da na saba turawa gida duk wata sai da ya koma rabi, na ce wa tsohuwa aiki ne ya yi ƙasa. Na bari yanzu, na sa an rufe asusun. Ku da kuke maganar allo, ku sa waya a lissafinku.

Malam Mai Allo: Allah ya karɓi tubarka, ya mayar maka da abin da ya tafi ta hanyar halal. Kada kowa ya nemi sanin ko wane ne. Baban Nana, na janye rabin maganata ta farko. Na ce kowa ya tsare gidansa, ga shi abin ya shigo har kan katifa. Hukunci bai canja ba, amma rage ɓarna ma aiki ne, ko da ba a iya kawar da ita duka ba.

Hajiya 'Yar Kumasi: Amin Malam. Ɗana Mai Shiru, ka kira tsohuwarka yau, ba sai ka gaya mata komai ba, ka dai kira ta.

Bakano a Raleigh: Allah ya kiyaye gaba. Saƙon waya kam na yarda a hana, wanda bai nema ba kada a tura masa. A nan na tsaya. Sauran ban sauka ba. Kuma ku sani tun Maris na 2024 an halatta cacar wasanni ta waya a jihar nan, kamfanoni masu zaman kansu na ta ambaliyar talla a kowane wasan ƙwallo. In kun rufe bakin ta gwamnati kun bar waɗancan, kuɗin can zai koma, makaranta kuma ta rasa wancan kason.

Anti Akanta: Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Abin dariyar, hukumar cacar jihar ita aka ba aikin sa ido a kan waɗancan kamfanonin. Ni ban ce a yi shiru gaba ɗaya ba. Buƙatata ƙarama ce: duk inda aka rubuta miliyoyin, a rubuta "ɗaya cikin miliyan 292" a gefensa da harafi mai girma ɗaya, ba a ƙasa da rubutun da sai da tabarau ba. An taɓa gwadawa. A 2013 wani ɗan majalisa, Paul Stam, ya kawo ƙudurin da zai tilasta faɗin damar cin babbar kyauta, bai zama doka ba. Shekara ɗaya bayan nan kuma aka kawo shawarar ninka kuɗin talla zuwa kashi 2 don a ƙara wa malaman makaranta albashi. Ita ma ba ta wuce ba a lokacin, amma ku dubi tunanin: albashin malamin Nana ya dogara da yawan waɗanda za a shawo kansu su yi asara.

Baban Nana: Ni kuma tawa buƙatar kalma ɗaya ce. A cire "ilimi" daga sunan. In ba za a cire ba, a rubuta kashi nawa ke isa makarantar a jikin kowane tikiti. Babu tallan da ya kai wannan kalmar aiki, kuma ba ta cikin kuɗin tallan da doka ta ƙayyade, kyauta take aiki dare da rana.

Na Kan Kanta: A kuma ɗauke akwatin daga kan kanta a mayar bayan kashiya, inda sigari yake, wanda ke so ya tambaya. Sai dai masu shaguna za su yi ihu, don kashi 7 cikin 100 suke samu a kan kowane tikiti. Allah ya gafarta Malam, tunda an zo nan, ni da nake miƙawa ba da son raina ba, yaya matsayin albashina?

Malam Mai Allo: Wannan ba ta zaure ba ce. Ka same ni ranar Asabar bayan an tashi yara daga Islamiyya, mu zauna.

Shugaban Zaure: Jama'a an gode. Anti Akanta, in za ki iya rubuta waɗannan buƙatun a shafi ɗaya da Turanci, masu katin zaɓe a cikinmu su tura wa wakilan gundumarsu. Bakano, za ka sa hannu?

Bakano a Raleigh: A kan na waya kawai. A raba takardar biyu.

Na Kan Kanta: To ni na tafi, ƙarfe goma nake karɓar aiki. Yau Juma'a ce kuma.